Aron Hannu

Idan direba ya bar ɓangaren titin da doka ta ba shi ya shiga na masu tahowa, Hausawa sukan ce ya yi aron hannu. A tashoshin mota da majalisun 'yan acaɓa an fi cewa ya bi wanwe, amma kalmar farko ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin tana nuna yadda mai aikata abin yake kallon kansa. Aro yana da ƙa'idojin da kowa ya sani. Wurin mai abu ake zuwa a yi sallama, a faɗi buƙata, ya bayar ko ya hana, sannan a mayar masa da kayansa yadda aka karɓa. Haka maƙwabciya take aiko yarinya aron turmi, haka manomi yake aron garma ko shanun huɗa. Mai aron hannu kuwa bai tambayi kowa ba. Masu hannun ba su san an ara ba sai sun ga fitila ta doso su, kuma abin da aka jinginar a wannan aron rayukansu ne.

Titi yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Wanda ya taso daga Malumfashi ya nufi Funtuwa zai yi kiciɓis da ɗaruruwan motoci, kowace ta gifta shi da tazarar da ba ta wuce taku biyu ko uku ba, a gudun da zai iya hallaka duk wanda ke ciki. Bai san sunan ko ɗaya daga cikin direbobin ba, bai san wanda ya kwana bai yi barci ba, bai san wanda birkinsa ya lalace ba. Abu guda ya dogara da shi: kowannensu zai riƙe damansa. Saboda wannan amanar ce mutum yake iya tuƙi yana hira ko yana sauraron rediyo. Duk sauran dokokin hanya a kanta suka hau.

Garin da hanyoyi suka haɗu

Funtuwa gari ne da hanya ta raina. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa ta cikinta ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga ce ta kawo shi. Kamfanin Turawan Ingila mai sayen auduga, BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau kuma akwai unguwar da ake kira da sunansa a Funtuwa. A tsakiyar shekarun 1970 garin ya kasance ɗaya daga cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta samu gindin zama a ƙasar da a da dawa da auduga suka fi yawa.

Yau jirgin ƙasa ya yi shiru, kaya duk sun koma kan kwalta. Hanyar Zariya ta shigo ta fita zuwa Gusau da Sakkwato. Wata ta nufi Bakori da Malumfashi ta wuce Yashe, inda ake rabuwa zuwa Katsina ko Kano. Wata ta yi Ɗandume, wadda kasuwar hatsinta ke cikin mafiya girma a Arewa. Da kaka, masarar Bakori da Ƙafur da waken suya da shinkafa duk ta nan suke bi. Da rani kuma tumatirin Ɗanja da rakenta. Ga tankokin mai da tirelolin siminti masu dogon zango. Matsalar tsaro ta ƙara nata nauyin: a 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta Funtuwa aka umarce su su zagaya. Direban da zai bi ta Faskari ko Tsafe yana tafe yana duban rana, so yake ya wuce dajin kafin duhu.

A kan wannan titin ne tirela mai tan talatin take haɗa hanya da Golf ɗin haya da adaidaita sahu da ɗan acaɓa da mai kura da almajiri mai tsallakawa. Kowannensu da saurin da yake yi.

Wata magariba ta kaka

Akwai wata mai haɗa magunguna, 'yar asalin Malumfashi, wadda aiki ya zaunar a Funtuwa. Ta fi shekara goma tana tuƙa kanta, kuma ita ce irin direban da ba ya tayar da mota sai ya ga kowa ya ɗaura bel. Wata magariba ta watan Nuwamba, hazon hunturu ya fara sauka, ta ɗauko 'ya'yanta biyu daga Islamiyya ta hau babban titi, a daidai inda aka raba shi biyu da kankare a tsakiya. Tana kan layin dama, gefen titin kuma cike yake da teburan masu lemo da rake da masu suyar awara.

Sai ta hango fitila guda ɗaya tana nufo ta. Ta ɗauka babur ne, don haka ta ɗan sassauta kawai, da yake 'yan acaɓa sun saba raɓawa ta gefe su wuce. Sai da fitilar ta matso ta ga inuwar da ke bayanta ta yi faɗi da tudu. Kanta ce mai ido ɗaya, an loda mata buhunan masara har sun haura gadonta, 'yan dako uku na zaune a sama. Dama babu wurin kaucewa, mutane ne; hagu kuma ba ta san abin da ke tafe a bayanta ba. Ta danne birki iya ƙarfinta. Motocin biyu suka tsaya hanci da hanci, ƙaramin yaron ya fasa kuka, mai adaidaitan da ke biye da ita ya goga mata baya.

Direban kantar ya leƙo ta taga. Saurayi ne, ba alamar maye ko ruɗewa a tare da shi.

"Hajiya, ɗan matsa mana, nan sito zan shiga."

"Malam, nan hannunka ne?"

"Haba Hajiya, ai kowa nan yake bi. Wurin juyin da nisa."

Mutane suka taru. Wani dattijo ya sunkuyo wajen gilashinta ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, tunda Allah Ya tsare. Ba shi hanya ya wuce, kin ga an fara cunkoso." Sauran suka goyi bayansa. Ta karkata hagu, kantar ta kutsa ta shige ƙofar siton, taron ya watse.

Tsoron ya sake ta bayan kwana biyu. Abin da ya daɗe yana damunta shi ne, a cikin duk waɗanda suka taru babu wanda ya ce wa direban uffan. Ita da ke kan hannunta aka bai wa haƙuri, ita aka ga tana tare hanya. Kuma babu mugunta a cikin maganar dattijon. Da zuciya ɗaya ya yi ta, irin ta mai son a rabu lafiya.

Lissafin daƙiƙa biyu

Dalilin da ya sa taho-mu-gama ya fi kowane irin haɗari muni lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan biyu suka fuskanci juna a wannan gudun, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 33 a daƙiƙa guda. Direba mai cikakkiyar natsuwa yakan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki. A wannan ɗan lokacin mita 50 sun tafi, rabin filin ƙwallo ke nan, ba wanda ya rage gudu. Daga nan ƙaramar mota tana buƙatar wajen mita 20 kafin ta tsaya a kan busasshiyar kwalta, babbar mota mai lodi fiye da haka. Idan aka haɗa, sai sun hango juna daga nisan filin ƙwallo guda, kuma dukansu sun yi abin da ya dace nan take, sannan su tsira. Cikin hazo, ko a kwana, ko da mota mai fitila ɗaya, wannan nisan ba ya samuwa.

Akwai abin da ake yawan faɗa cewa idan motoci biyu masu gudun 60 suka haɗu, kamar an daki bango ne a gudun 120. In nauyinsu ɗaya ne, ba haka ba ne: kowace kamar ta daki bango ne a gudun 60. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, daidai yake da faɗowa daga bene mai hawa huɗu. Amma a hanyar Funtuwa da wuya nauyi ya zo ɗaya. A ɗauki mota mai tan ɗaya da rabi da tirela mai tan 30, kowace a gudun 60. Bayan karo tirelar za ta ci gaba da tafiya a gudun kusan 54, tana tura ƙaramar motar baya. Wato direban tirela ya ji canjin gudu na kilomita 6 kacal, na ƙaramar motar kuwa ya ji na 114. Da yake ƙarfin duka yana haurawa ne da ninkin gudu a kan kansa, abin da ya sauka a jikin mutanen ƙaramar motar ya fi ninki uku na dukan bango. Na kan babur da 'yan dakon da ke saman buhuna ba su da ko ƙarfen da zai fara karɓar dukan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka rasu a 2023. Wannan adadin na waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne. Wanda aka ɗauka daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar sau da yawa ba ya shiga kowane kundi.

Ranar da ƙasa ta sauya hannu

A ƙarshen makon ta je Malumfashi gaida kawunta, tsohon direban gingimari wanda ya yi shekaru yana jigilar auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma har yanzu yana gane irin mota da ƙarar injinta. Ta ba shi labari yana saurare yana jan carbi.

"Ɗiyata, ke kin san akwai ranar da duk ƙasar nan muka yi aron hannu da izinin gwamnati?"

"Na dai ji ana faɗa, Kawu."

Ranar Lahadi ce, 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Kafin wannan rana Najeriya hannun hagu take bi, gadon Ingila, alhali maƙwabtanta huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahome, duk dama suke bi. Direban da ya ɗauki kaya zuwa Maraɗi sai ya sauya hannu da zarar ya wuce Jibiya, ya sake sauyawa a dawowa. Saliyo ta riga ta canja a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna. Sai a 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina.

"An daɗe ana shela a rediyo," in ji shi. "Ni jan ƙyalle na ɗaura a wuyan hannuna na dama, don in na farka da asuba kada jiki ya koma inda ya saba. Sitiyarin motata yana dama, ga shi an ce in bi dama, ba na ganin abin da ke tahowa in zan wuce wani sai yarona ya leƙa ya ce mini tafi. Kowa tsoro yake ji, kowa a hankali yake tafiya. Kin ga ranar da aka fi jin tsoron haɗari, ita ce ranar da na fi ganin direbobi sun natsu."

Abin da ya lura da shi an gan shi a wata ƙasar ma. Da Suwidin ta koma hannun dama ranar 3 ga Satumba, 1967, haɗurra sun ragu a watannin farko, sannan suka koma yadda suke bayan mutane sun saba sun saki jiki.

Ya ci gaba da cewa a zamaninsu yaro yakan yi shekaru yana karen mota, yana sa weji yana wanke inji, kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. "In aka kawo ƙararka tasha cewa ka shiga hannun wani, a gaban kowa za a karɓe makulli. Kunyar ta fi tarar ciwo."

Maganar tsofaffi takan zo da ɗan gishiri, kuma zamanin nasu bai kuɓuta daga haɗari ba. Da kuɗin mai suka shigo motoci suka yawaita, mace-macen kan hanya sun yi munin da ya sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Duk da haka akwai darasi a labarin 1972. Ƙasar da mafi yawan direbobinta ba su yi boko ba, wadda rediyo ne kusan kaɗai hanyar isar da saƙo a cikinta, ta iya sauya ɗabi'ar miliyoyin mutane a wayewar gari guda. Wanda ya ce Bahaushe ko ɗan Najeriya ba ya iya bin doka a kan titi, sai ya bayyana yadda aka yi wannan ya yiwu.

Me ya sa ake yi

A Turai da Amurka mai tahowa ta hannun da ba nasa ba yawanci ɓatacce ne. Jamusawa suna kiransa direban fatalwa, kuma gidajen rediyo sukan katse shiri su gargaɗi masu bin hanyar da aka gan shi. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar a 2012 ya nuna fiye da rabin irin waɗannan haɗurra masu kisa suna da alaƙa da barasa, wasu kuma tsofaffi ne da suka ruɗe a mashigar babbar hanya. Shi ya sa maganinsu manyan alluna ne da fitilu masu walƙiya da za su farkar da direba.

Na Funtuwa a farke yake. Ya san inda yake, ya yi lissafi ne ya zaɓa, kuma lissafin nasa ba na wauta ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta taɓa haura Naira 1,000. A ce babur yana cin kilomita 40 da lita guda, wurin juyi kuma yana da nisan kilomita ɗaya, zuwa da dawowa biyu ke nan. A farashin Naira 1,000, kowane juyi Naira 50 ne. Ɗan acaɓan da zai yi haka sau ashirin a yini ya ƙone Naira 1,000, shi da zai kai balas ga mai babur kuma ya kai cefane gida. Fasinjan da ke bayansa ma yakan ce masa, "Yanke ta nan mana." Ribar aron hannu a hannu take kullum, asararsa kuwa sai ranar da ta zo, kuma sau da yawa a kan wani take sauka.

Ginin titin kansa yana da hannu. Kankaren tsakiya yana ceton rai a babbar hanya, amma idan ya ratsa gari mai kasuwa a wannan gefe, sito da gidan mai da makaranta a wancan, ya zama katanga tsakanin mutane da buƙatunsu. In aka nisanta wuraren juyi, jama'a za su fasa kankaren da dare ko su bi ta hannun da ya fi kusa. Aikin gyara ma yana koyar da ɗabi'ar. Tun da aka fara sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano a 2018, matafiya sun shafe shekaru ana karkatar da su kan ɓangare guda, masu zuwa da masu dawowa, har ido ya saba da ganin mota tana tahowa a inda bai kamata ba.

Sai kuma misalin da ake gani daga sama. Ayarin manya da motocin jami'an tsaro sukan kunna jiniya su hau hannun jama'a da zarar sun tarar da cunkoso, kuma kafin ƙurarsu ta lafa motoci goma sun bi sahu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Yaron da ke kallo daga bakin titi ya koyi cewa bin hannu na marasa galihu ne.

Hukunci kuwa bai kai ya tsorata kowa ba. Tsawon shekaru tarar wannan laifi a jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra Naira 5,000 ce. Legas ta gwada tsanani: dokarta ta sufuri ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar mai bin wanwe, kuma a watan Satumba na 2022 an yi gwanjon motoci fiye da ɗari a bainar jama'a, da yawansu kan wannan laifin, wasu masu su suna kuka a wurin. Kano tana da KAROTA, Katsina ta kafa KASSAROTA. Sai dai abin da masu nazarin laifuka suka daɗe da ganowa shi ne, tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana aikata laifi. Ƙaramar tara da za a ci kowa a kullum, har da mai babbar riga, ta fi ƙwace motar talaka guda sau ɗaya a shekara.

Bayan an ce tsautsayi ne

Idan abin ya auku, akwai kalmomin da ke jiran a furta su. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kwana ne ya ƙare. Dangin direba su zo da dattawa, dangin mamaci su ce sun yafe duniya da lahira, a je ofishin 'yan sanda a janye magana. Wannan hali yana da kyawun da bai kamata a raina ba. Ya hana gaba da ramuwa a tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a kasuwa da masallaci.

Amma addinin da ake jingina yafiyar da shi bai ɗauki kisan kuskure abin wasa ba. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa dangi suna iya yafe diyya, kaffara kuwa, azumin wata biyu a jere, ba tasu ba ce balle su yafe. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma wanda saɓa su ya jawo asarar rai ko dukiya yana ɗauke da alhakin. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda tuƙin gangancinsa ya yi sanadin mutuwa. Tayar da ta fashe ba zato abu ne daban da mutumin da ya ga hannunsa, ya ga na wasu, ya zaɓi na wasun. In aka kira su duka da suna ɗaya, an sauke wa mai laifi nauyin da ya kamata ya hana na bayansa. Ana iya yafe wa mutum kuma a karɓe lasisinsa.

Idan fitila ta doso ka

Abu na farko birki ne, kafin tunanin inda za a kauce. Duk kilomita goma da aka rage a gudu tana rage ƙarfin duka sosai, kuma tana ƙara wa kowa lokaci. A kunna fitila a danna oda. A hanya mai layi biyu irin ta Funtuwa zuwa Malumfashi, inda mai tahowar yawanci wani yake ƙoƙarin wucewa, kaucewa dama ake yi, ko da za a sauka daga kwalta. Dalili shi ne, a daƙiƙar ƙarshe zai yi ƙoƙarin komawa damansa, wanda shi ne hagunka. In ka kauce can, can za ku haɗu. Faɗawa gona ko rami ya fi taho-mu-gama sauƙi nesa ba kusa ba. A cikin gari kuwa mai aron hannu gefen dama yakan raɓa, inda masu talla suke, don haka babu kariyar da ta wuce tafiya a gudun da za a iya tsayawa cikin nisan da ido ke gani. Fitila ɗaya da dare a ɗauke ta a matsayin babbar mota har sai an tabbatar babur ce. Bel a gaba da baya, yara a kujerar baya. In haɗari ya auku, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Wannan duk dabarun tsira ne na mutum ɗaya. Babban aikin yana wurin masu zana hanya da masu faɗa a ji. Gwamnatin Tarayya ta bayar da aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato tagwaye, an kuma buɗe tashar tsandauri a Funtuwa a 2024, wadda in ta kankama za ta ƙaro manyan motoci. Tagwayen hanya za su rage haɗarin wuce juna a daji, amma a kowane gari da ƙauyen da suka ratsa za su haifar da tambaya guda: a ina mai babur ɗin da ke ɗauke da buhu biyu zai juya, a ina ɗalibi zai tsallaka? Injiniyoyi da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta 'yan kasuwar hatsi suna da damar zama da taswirar aikin su nuna ƙofar kowace kasuwa da makaranta da asibiti, su nemi wurin juyi kusa da ita, da ƙaramar hanyar gefe inda shaguna suka yi yawa. Gyara a kan takarda kuɗin tawada ne. Bayan an zuba kankare, sai an fasa.

Masu ilimi da motocin kansu ba 'yan kallo ba ne a wannan lamari. A ƙofar makarantun kuɗi da ƙarfe biyu na rana, a layin gidan mai, a fitowa daga masallacin Juma'a ko ɗaurin aure, ba 'yan acaɓa kaɗai ke hawa hannun jama'a ba. Likita ko lauyan da ya yi tafiyar kilomita guda ya juya a inda aka tanada ya yi asarar minti uku da man Naira ɗari ko biyu, kuma yaran da ke kujerar baya sun ga yadda ake yi. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.